Mota ta buge ƙanena: waɗanne takardun asibiti za mu tara kafin mu nemi diyya?

Tambaya: Lauya, barka da aiki. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a Jega. Wata huɗu da suka wuce wata babbar motar kamfani ta buge shi a hanyar Aliero, ya karye a cinya, kansa ma ya bugu. An fara kai shi asibitin da ke kusa, daga nan aka tura mu Birnin Kebbi. Da ya yi kwana 12 sai iyayenmu suka ce a maido shi gida wurin mai ɗori. Ƙafar ba ta haɗu daidai ba, yanzu an ce sai an yi mata aiki a Sakkwato. Mai motar ya ba da kuɗi sau ɗaya, tun daga nan ya daina ɗaukar waya. Waɗanne takardu za mu tara, kuma asibiti za su yarda su ba mu?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa, asibiti za su ba ku, doka ma tana tare da ku a kan haka. Sai dai ba da baki ake nema ba, kuma ba da sunanka za a nema ba. Zan zo kan wannan.

Ka fara sanin inda gardamar za ta tsaya. Ba wanda zai musa cewa ƙanenka ya ji ciwo, duk wanda ya ga tafiyarsa ya ga shaida. Abin da lauyan kamfanin zai riƙe shi ne, wa ya ce wannan ɗingishin daga motarmu ya fito? Amfanin takardu ke nan, su bi ciwon tun daga ranar da aka ɗauke shi a kan titi har zuwa yau, ba tare da an bar wasu makonni babu bayani ba. Kamar igiyar guga suke, in ta tsinke a tsakiya, komai tsawonta ba ta kawo ruwa. Taku kuwa ta riga ta yi rauni a wuri ɗaya, wato zaman da ya yi wurin mai ɗori, don haka sauran wuraren sai kun ɗaure su tamau.

Ku fara da asibitin farko, wanda mutane suka fi rainawa saboda majinyaci bai kwana can ba. A wurina takardar ranar farko ta fi duk wani dogon rahoton da za a rubuta daga baya nauyi, domin an rubuta ta ne tun ba wanda ya yi tunanin kotu. A cikinta ake samun ƙarfe nawa aka kawo shi, wa ya kawo shi, me aka ce ya same shi, yana cikin hayyacinsa ko a sume, wace ƙafa ce, akwai jini a kai ko babu. Ka nemo ƙaramin katin nan da aka ba ku, lambar da ke jikinsa da ita ake zaƙulo folda a ɗakin ajiye bayanai. In katin ya ɓace, ka je da ranar haɗarin, a duba rajistar sashen gaggawa, domin duk wanda aka kawo sai an shigar da shi a littafin. Ka kuma nemi kwafin takardar da suka tura ku Birnin Kebbi da ita, ita ce ke haɗa asibitin farko da na biyu.

Da ka riƙe katin, ka dubi sunan da kyau. Wanda aka kawo a sume ba shi ke faɗin sunansa ba, abokan aikinsa ne, su kuwa sunan da suka sani a tasha shi za su faɗa. Sai ka ga an rubuta laƙabi a kati, a Birnin Kebbi an rubuta sunan yanka da na uba, a katin ɗan ƙasa kuma ga sunan kaka a ƙarshe. Shekaru ma haka, wanda ya kawo shi ya kintata ya ce 30, alhali 24 gare shi. A gida wannan ba komai ba ne. A kotu mutum uku ne daban, sai an tabbatar cewa ɗaya ne. In ka ga irin haka kada ka sa biro ka gyara da hannunka, kada kuma ka roƙi wani ma'aikaci ya goge maka. Ƙanenka ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nasa ne, a kai wa asibiti kwafi su liƙa a folda.

Yanzu yadda ake nema. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya rubuta bayanan majinyaci a folda ya kuma adana su. Sashe na 26 ya ce bayanan sirri ne, ba a fitar da su sai majinyacin ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni, ko kuma iyaye ko waliyyi su nema idan yaro ne ko wanda ba ya iya ba da izini da kansa. Saboda haka ma'aikacin da ya ce maka "sai mai ciwon ya zo" ba wulaƙanci ya yi maka ba, aikinsa ya yi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba kowane mutum damar neman kwafin bayanan da wata hukuma ke riƙe da su a kansa. To, ƙanenka ne zai rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin, da sunansa, lambar katinsa, ranar da aka kwantar da shi, ranar da ya fita, da abin da yake nema. A ƙasa ya ce ya wakilta ka ka karɓa, ya sa hannu ko ya dangwala, a haɗa da kwafin katin shaidarsa da naka. Ka yi wasiƙar biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗayar a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da ita gida. Akwai kuɗin rahoto, ka biya a inda ake biya ka karɓi rasit. Wanda ya ce ka ba shi a hannu zai kawo maka gobe, ka yi masa godiya ka wuce, domin takardar da ba ta bi ta ofis ba ita ce ke fara faɗuwa a gaban alƙali.

Foldar kanta ba za su ba ka ka tafi da ita ba, ta asibiti ce. Abin da aka saba bayarwa shi ne rahoton likita. Ni dai ina ba da shawarar a nemi duka biyu, rahoton da kuma kwafin muhimman shafukan foldar: bayanin ranar farko, sakamakon gwaje-gwaje, bayanin tiyata in an yi, takardar magunguna, da takardar sallama. In sun ba da rahoto sun hana kwafi, kada ka tsaya faɗa a bakin ofis. Idan shari'a ta fara, lauyanku zai nemi kotu ta aika sammaci a zo da foldar gaba ɗaya, wasiƙar nan mai hatimi kuma ita ce shaidar cewa kun nema ta hanyar da ta dace.

Rahoton likita iri biyu ne. Akwai mai layi huɗu: an kawo wane ranar kaza, ya samu karaya, an yi masa magani, an sallame shi. Wannan na kai wa wurin aiki ne don a ba mutum hutu, ba ya ciyar da shari'a gaba. Wanda kuke buƙata sai ya faɗi wane ƙashi ne ya karye, a wace ƙafa, a wane wuri, ƙashin ya huda fata ko bai huda ba, me hoto ya nuna, me aka yi masa, kwana nawa ya yi, a wane hali ya fita. A cikin wasiƙarku ku faɗa ƙarara cewa don neman diyya ne, domin likita ya san irin bayanin da zai zuba. Ka karanta kafin ka bar harabar asibitin, ko ka sa wanda ya iya Turanci ya karanta maka. Sau da yawa akan rubuta hagu a maimakon dama, ko a sa ranar da aka buɗe folda a matsayin ranar haɗari. Gyaran wannan a ranar ba ya ɗaukar lokaci, amma bayan shekara biyu sai an sha wuya. A ƙasan rahoton a ga sunan likitan, muƙaminsa, sa hannunsa da hatimin asibiti. In da hali a samu babban likitan ƙashi da ke shugabantar sashen ya sa hannu. Dalili kuwa, ana iya kiran wanda ya rubuta ya zo ya amsa tambayoyi a kotu, ƙananan likitoci masu koyon aiki da masu bautar ƙasa kuma ba sa daɗewa a wuri ɗaya.

Ga wani abu da ke kayar da mutane a Babbar Kotu. Takardun asibitin gwamnati, ko Sir Yahaya ne a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, takardun hukuma ne a idon Dokar Shaida ta 2011. In ba asalin takardar aka kawo ba, kotu ba ta karɓar hoton takarda haka kawai, sai kwafin da aka tabbatar, wanda lauyoyi ke kira CTC. Sashe na 104 ya faɗi yadda ake yinsa: a biya kuɗin da aka ƙayyade, jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta a jikinta cewa kwafin gaskiya ne, ya sa kwanan wata, sunansa da muƙaminsa. Hatimi tsirara ba suna ba rana bai wadatar ba. Haka rahoton 'yan sanda yake, da zanen wurin haɗarin da sashen kula da motoci ya yi, da rahoton jami'in duba lafiyar mota. Su ma ku nemi kwafinsu ta wannan hanyar tun yanzu.

Hotunan ƙashi suna hannunku, na tabbata, watakila a ƙarƙashin katifa. Ka ɗaga kowanne ka haska, a kusurwa za ka ga suna da kwanan wata. Wanda ba shi da su, ka koma inda aka ɗauka a rubuta maka a takardar bayanin hoton. Kada a naɗe su, kada a bar su a rana ko kusa da murhu, danshin damina kuma yana sa su manne da juna. Kowanne a ambulan ɗinsa, a kwance. Hoton farko na ranar haɗari shi ne dukiyarku, domin shi ya nuna yadda karayar take kafin kowa ya taɓa ta.

Sai rasit. Kotu tana raba diyya gida biyu. Akwai wadda alƙali ke kimantawa da kansa, ta raɗaɗi da wahala da naƙasa. Akwai kuma ta kuɗin da aka kashe, wadda sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya an tabbatar da kowane kwabo. A nan ne iyalai ke asara mafi yawa: an sayar da shanu, an jinginar da gona, amma rasit ɗin da ya rage bai kai kuɗin akuya ba. Rasit ɗin na'urar POS, ɗan siririn nan mai santsi, cikin 'yan watanni yake komawa farar takarda, musamman a zafin Kebbi. Yau ɗin nan ka kai su a yi hoton takardarsu, ka kuma nemi bayanin asusu daga banki na watannin jinyar. Duk maganin da aka saya a kemis na waje, a haɗa rasit ɗinsa da takardar da likita ya rubuta maganin. Ka samu littafi mai ganye arba'in ka riƙa shigar da abin da ba a ba da rasit a kansa, kuɗin mota, kuɗin jini, abincin mai jinya, kowanne da ranarsa. Bai kai rasit ƙarfi ba, amma ya fi a tsaya gaban alƙali ana cewa "mun dai kashe da yawa". Don nuna abin da yake samu kafin haɗarin, katinsa na ƙungiyar 'yan kabu-kabu, littafin mai adashi, da shaidar mai babur in balas yake kaiwa, duk suna aiki.

To, maganar ɗori. Ba zan ɓoye maka ba, nan ne za a fi matsa muku. Ranar da kuka fitar da shi, da wuya a ce ba a sa wani ya sa hannu a takardar cewa kun tafi ba da yardar likita ba. Takardar tana cikin folda, lauyan kamfani zai gan ta, zai kuma ce an so a sa masa ƙarfe kuka ƙi, saboda haka gajartar ƙafar aikin mai ɗori ne ba na direba ba. Wannan hujja tana iya rage abin da za a ba ku. Ba ta goge haƙƙin karayar kanta, da bugun kai, da kwanakin asibiti. Kada ku ce za ku ɓoye zaman, duk likitan ƙashi da ya ga sabon hoto zai gane. Abin yi shi ne ku cike wurin da gaskiya. Wace rana aka kai shi, wace rana aka kwance karan, nawa aka biya, wa ya gani. Mai ɗori ba ya ba da rasit, amma yana iya zama shaida. Abin da ya fi muhimmanci, me ya sa kuka fita? In an rubuta muku kuɗin aiki kuka kasa, kuka kira mai motar ya ƙi ɗauka, to ku nemo takardar kuɗin aikin, ku adana saƙonnin da kuka tura masa da jerin kiran da ke cikin waya. Wanda ya bar asibiti don ba shi da kuɗi, wanda ya buge shi kuma ya juya masa baya, ba ɗaya yake da wanda ya bar asibiti don ganin dama ba. Ni ban raina masu ɗori ba, amma karayar cinya ga babban mutum ba tasu ba ce, naman wurin yana da ƙarfi, yana jan ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa. Kada a sake komawa can kafin zuwa Sakkwato.

Wayar da aka ɗauki hotunan ranar haɗarin da ita ma a riƙe ta, kada a sayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayanin na'urar da hoto ko saƙo ya fito daga cikinta. Ku kuma daina sa hotunan ciwon a Facebook.

Ka ce kansa ya bugu, sai ka wuce. Kada ku wuce. Ku lura ko yana yawan ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushin da ba halinsa ba, ko ji da ganinsa sun ragu, ko ya taɓa faɗuwa yana karkarwa. Mutanenmu suna da kawaici, likita ya tambaya a ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", shi kuma ya rubuta da sauƙi. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. Abin da ba a faɗa wa likita ya rubuta ba, ranar shari'a za a ce ƙirƙirarsa aka yi. Haka in yana da wata lalura tun da, kamar sikila ko ciwon suga ko tsohuwar karaya, a faɗa. Wanda ya yi ɓarna ba ya kuɓuta don wanda ya buge mai rauni ne tun asali, amma in aka kama ku da ɓoye abu ɗaya, sauran maganarku ma ta zube.

A Sakkwato ku buɗe sabon babi da tsari: ku tafi da takardar turawa, da tsofaffin hotuna, ku karɓi kiyasin kuɗin aiki a rubuce. Bayan aiki da gashin ƙashi, sai ku nemi rahoton ƙarshe, wanda zai faɗi ko ƙafar ta gajarta da santimita nawa, gwiwa tana lanƙwasuwa ko ta ƙage, zai iya komawa kan babur ko a'a, naƙasar ta dindindin ce ko mai wucewa, akwai wani aikin a gaba kamar cire ƙarfe, kuma nawa zai ci. Wannan rahoton shi ke yanke girman diyya.

Ko ta fuskar Shari'a ma haka abin yake. A mazhabar Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya. Rasa ƙafa ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, raunin kai da ya tona har ƙashi ya bayyana 5, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Karayar da ta warke a karkace ba ta da adadi ƙayyadadde, alƙali ne ke kimantawa gwargwadon aibin da ta bari. Ka ga ke nan zurfin rauni da abin da ya bari su ne ma'auni, likita ne kuma ke iya faɗinsu. Amma da yake kamfani ne a gabanku, ga kuma batun inshora, Babbar Kotun Jiha ce ta fi dacewa da ƙararku.

Jiran rahoton ƙarshe ba ya nufin a zauna. Ƙara tana da wa'adi, in ya wuce ko gaskiyarku ta kai ina kotu ba za ta saurara ba, don haka ku ga lauya tun yanzu ya lissafa muku. Masu karatu su lura, in motar hukuma ce ta yi ɓarnar, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar. Wanda kuma ya ji ciwo a bakin aikin albashi, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙata wurin NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, cikin shekara ɗaya. Ku samo lambar motar a duba inshorarta a NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, domin takardun bogi sun yi yawa. Tun Janairun 2023 babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000 take biya na inshorar dole, wadda ke ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Wannan iyakar ta dukiya ce, kamar babur ɗinsa, ba ta raunin jiki ba. Lauyanku zai rubuta wa kamfanin inshorar da wuri, su ma takardun nan za su tambaya. In ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Birnin Kebbi, ƙarar haɗari kuma tana cikin aikinta.

Da zarar wasiƙar lauya ta isa, mai motar da ya daina ɗaukar waya zai nemo ku, galibi ta hannun dattawa ko shugabannin ƙungiyar direbobi. Sulhu alheri ne, sau da yawa ya fi shekarun zirga-zirgar kotu. Amma haƙƙin na ƙanenka ne, ba naka ba, ba na baffanninku ba, shi kaɗai ke da ikon yafewa ko ragewa. Kada ya sa hannu a takardar da ta ce ba shi da sauran haƙƙi alhali ba a yi aikin Sakkwato ba. Duk kuɗin da za a karɓa kafin nan, a rubuta cewa gudummawar jinya ce, ba kammalawa ba. Kuɗin da ya ba ku a farko ma ku rubuta adadinsa, da ranar, da waɗanda ke wurin, in ta banki ne ku fitar da shaidarsa. Ku kuma tambayi duk wanda ya karɓa a ranar ko an sa shi ya dangwala a wata takarda, a ofishin 'yan sanda ko a tasha. In an yi, ku nemo kwafinta ku kai wa lauya tare da katin asibitin farko.